Iri Ko Tuwo? Kuɗin Gwamnati da Samar da Aikin Yi a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Laccar da aka gabatar a gaban manoma, 'yan kasuwa, ɗalibai da shugabannin al'umma a garin Gwarzo

 



Da aka aiko mini goron gayyata, aka ce in yi magana a kan kuɗin da gwamnati ke warewa don raya yankuna da samar wa jama'a aikin yi, sai na ce an sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni tsohon malamin gona ne. Na yi shekaru a kan babur, daga Getso zuwa Lakwaya da Kutama, daga Garo zuwa Gude da Durun. A tsawon wannan lokaci na ga shirye-shiryen gwamnati da yawa, kowanne ya zo da kiɗa da jiniya, akasarinsu kuma sun tafi ko sallama babu. Abin da idona ya gani shi zan faɗa muku.

Kowane manomi a wurin nan ya san cewa in an yi girbi, kafin a kai hatsi rumbu akan zaɓi zangarniyoyin da suka fi ƙoshi, a ɗaure su daban, a rataye. Wannan shi ne iri. Ko rumbu ya yi ƙasa a bazara, maigida na kirki ba ya kwance damin iri ya ce a yi tuwo da shi, don ya san daren ƙoshi ɗaya zai ja masa shekara guda ta yunwa. To kuɗin gwamnati ma haka yake. Akwai wanda ake shukawa, akwai wanda ake tuƙawa a cinye. Maganata ta yau a taƙaice ita ce, mu a wannan yanki an daɗe ana tuƙa mana tuwo da iri, muna ci muna godiya.

Ƙasar da muke magana a kanta

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gwarzo mutum 183,987, ta ba Kabo mutum 153,828. Jariran da aka haifa a shekarar ƙidayar yau sun zama samari da 'yan mata, wasunsu ma sun yi aure. Gonar da kakansu ya noma shi kaɗai, yanzu jikoki goma ne ke da gado a cikinta. Mutane suna ƙaruwa, gona kuwa tana nan yadda take.

Ƙasar tamu ba ta yi mana rowa ba. Tana ba da masara da dawa da gero, da wake da gyaɗa da waken suya, fadamunmu suna ba da tumatir da albasa da tattasai da rake. Kasuwar Getso kaɗai ta ishi mai shakka shaida. Sai dai damina wata huɗu ce zuwa biyar. Da an kai amfanin gona gida, ku je tasha ku gani. Motoci ne cike da samari, kowa da 'yar jakarsa, sun nufi Kano, Abuja, Legas ko Fatakwal, wani acaɓa, wani ga-ruwa, wani gadi, wani yankan farce, wani dako. Ci-rani ba abin kunya ba ne, kakanninmu sun yi shi. Amma ku lura, mu muka yi wahalar rainon waɗannan yara, ƙarfinsu na wata bakwai kuma a garin wasu yake ƙarewa.

Saboda haka ina da ma'auni ɗaya da nake auna kowane shirin samar da aiki da shi: bayan shekara uku da zuwansa, motocin 'yan ci-rani sun ragu a tasha ko ba su ragu ba? Wannan ma'auni ba ya buƙatar kwamfuta, ɗan kamasho ma zai ba ku amsa.

Abin da ya gabata

Da farko mu cire wa kanmu tunanin cewa kuɗin gwamnati kyauta ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama dukiyar Arewa, har aka riƙa tara ta dala-dala a birni. Mu nan yamma, da maƙwabtanmu na Malumfashi da Funtuwa, mun ƙara da auduga. Hukumar sayen amfanin gona tana saye a hannun manomi a kan farashin da ta yanka, ta sayar a Turai da tsada, ta ajiye rarar. Wannan rara ta taimaka wa gwamnatin Sardauna wajen kafa masaƙar Kaduna a 1957, da kamfanin raya Arewa wanda ya zama NNDC, da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ashe gumin manomi shi ne jarin farko na gwamnatin Arewa. In yau jikansa ya nemi a gyara masa madatsar ruwa, haƙƙinsa yake nema.

Farin 1972 zuwa 1974 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan kasuwa, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Amma a daidai wannan zamani aka yi mana shuka mafi albarka da jihar Kano ta taɓa gani. Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya sa ƙarfinsa a kan tare ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, aka ja ruwanta ta magudanai zuwa filayen Kadawa. Ku je Kura da Garun Malam da Bunkure a watan Fabrairu ku ga abin da ya biyo baya. Gonakin shinkafa ne da tumatir iya ganinka, ga injinan casa, ga masu turara shinkafa, ga masu kwando, ga direbobi, ga masu sayar da abinci. Babu wanda ya rubuta wa waɗannan mutane takardar ɗaukar aiki. Ruwa aka kai musu, aiki ya biyo ruwan.

Mu ma an tare mana ruwa. Ga Watari a Bagwai, ga Challawa a Karaye wadda aka gama a 1992, ga ƙananan madatsai irin su Guzuguzu da Magaga da Pada. Bambancinmu da Kura shi ne ƙarancin magudanai. Ruwan Challawa yakan bi kogi ya shayar da birnin Kano, ya wuce har kwarin Haɗeja, yaron da aka haifa a gefensa kuma ya hau mota ya tafi Legas sayar da ruwa a jarka. Madatsar da ba a ja mata magudana ba tafki ce kawai, sai kamun kifi da wanki.

Shuka ta biyu da na gani da idona ita ce ta ƙananan injinan ban ruwa. An kafa hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano, KNARDA, a 1982 da tallafin Bankin Duniya, daga baya shirin Fadama ya zo a 1993. Aka koya wa manoma haƙa rijiyoyi marasa zurfi a fadama, aka sauƙaƙa musu sayen inji. Wannan abu ya zauna har yau, domin injin na manomi ne, in ya lalace bakanikensa yana cikin gari, kuma kowace shekara yana mayar da kuɗinsa.

Sauran kuwa, wa zai iya ƙirga su? Shirin ciyar da ƙasa na 1976, juyin noma na zamanin Shagari, hukumar raya karkara ta DFRRI ta 1986, Bankin Talakawa na 1989, hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP ta 2001, SURE-P ta 2012. NAPEP ta mutu ta bar sunanta a jikin keke mai ƙafa uku, mu a Kano ma sunan bai zauna ba, A-daidaita-sahu muke cewa. N-Power ta zo a 2016 tana biyan matasa naira 30,000 a wata. Kuɗin ya rufa wa gidaje da yawa asiri, ban musa ba, amma ranar da aka daina biya yaron ya koma inda aka same shi.

Abin da ke tafe yanzu

Dalilin da ya sa wannan zama ya zo a kan gaɓa shi ne an sake buɗe wasu ƙofofi.

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kafa Hukumar Raya Arewa Maso Yamma, mai hedikwata a Kano, wadda za ta kula da jihohi bakwai: Kano, Katsina, Jigawa, Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Wanda ya kai ƙudirin majalisa ɗan Kabo ne, Sanata Barau Jibrin, mataimakin shugaban Majalisar Dattawa. A Oktoban shekarar aka ƙirƙiro ma'aikatar raya yankuna don ta kula da irin waɗannan hukumomi.

A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin ɗari, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin da ake rabawa kowane wata ya ƙaru sosai. Ku tuna daga aljihun wa ƙarin ya fito. Litar fetur da manomin rani yake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024.

An kawo shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar Kano, KSADP, na dala miliyan 95, wanda Bankin Musulunci ya ba da mafi yawan kuɗinsa. Akwai aikin faɗaɗa hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi. Akwai makarantar fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo, wadda daga baya aka amince a ɗaga ta zuwa jami'ar kimiyya da fasaha. Akwai kuma kuɗin ayyukan mazaɓu da 'yan majalisar tarayya ke sakawa a kasafi kowace shekara.

Manya ma ba mu rasa ba. Gwarzo ta ba jihar Kano mataimakan gwamna biyu, ta ba tarayya minista, Kabo ta ba ƙasa mataimakin shugaban Majalisar Dattawa. Ba za mu ce ba a jin muryarmu a sama ba. Abin tambaya shi ne, in kuɗin ya sauko, shuka shi za a yi ko tuƙa shi?

Ramukan da kuɗi ke faɗawa

Rami na farko shi ne rabon kaya. Na taɓa halartar wani bikin rabon kayan sana'a, ba zan faɗi garin ko mai rabon ba. An jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe, an yi jawabai, an ɗauki hotuna. Da na fito sai na tarar da dillalai a bakin ƙofa da kuɗi a hannu. Na ga wani yaro yana cinikin kekensa a kan abin da bai kai rabin kuɗinsa ba. Na ce, "Ɗana, me ya yi zafi?" Ya ce, "Baba, ni ban iya ɗinki ba, sunana kawai aka saka." Ban ga laifinsa ba. A takarda an samar wa mutum ɗaya aikin yi, a zahiri an samar wa dillali riba.

Mu yi ɗan lissafi. A ce an ware naira miliyan 100 aka raba wa mutum 2,000. Kowa ya tashi da naira 50,000. Kafin wata ya ƙare an biya bashin mai shago, an sayi magani, an yi cefane, shi ke nan. A ce kuma wannan kuɗi aka sa shi a yashe magudana ko a haɗa rijiyoyin fadama da injin sola. Ba za a sami taron da za a ɗauki hoto ba, amma ruwan zai zo bana, ya zo baɗi, ya zo baɗin baɗaɗa. Tallafi ga gajiyayye da maraya da gwauruwa wajibi ne, kada a fahimce ni a baibai. Sai dai a kira shi da sunansa, sadaka ce ko agaji, a daina rubuta shi a layin samar da aikin yi.

Rami na biyu shi ne gini ba kulawa. Muna son buɗe sabon aiki saboda akwai yankan kintinkiri, gyaran tsoho kuwa ba mai yi masa kiɗa. Shi ya sa za ka ga rijiyar burtsatse ta miliyoyi ta tsaya saboda ƙarfen da bai kai kuɗin tunkiya ba, madatsa ta cike da yashi da kacala shekara da shekaru.

Rami na uku shi ne kowace gwamnati da nata. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin jiha ta kafa makarantun koyon sana'a sama da ashirin, ta gina cibiyoyin ɗinki a ƙananan hukumomi. Da aka sami sauyin gwamnati da yawansu suka yi shekaru a kulle. Wannan cuta ba ta jam'iyya ɗaya ba ce, kowa ya hau sai ya kawar da kai daga abin da na gabansa ya fara. Alhali kuɗin da aka yi ginin ba na mai jar hula ba ne, ba na mai farar hula ba, namu ne.

Rami na huɗu shi ne fara gini daga sama. Kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa, wanda aka buɗe a 2016, an gina shi ya markaɗe tan 1,200 a rana, amma ya sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir. A shekarar da aka buɗe shi ma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. In mai kuɗi irin wannan ya gamu da haka, ina ga masana'antar da gwamnati za ta dasa ba tare da ta shirya manoman da za su ciyar da ita ba?

Rami na biyar shi ne duhu, kuma shi ya fi kowanne zurfi. An kafa hukumar raya yankin Neja Dalta a 2000. Binciken da aka miƙa wa gwamnatin tarayya a 2021 ya nuna kuɗin da ya shiga hannunta ya kai kimanin naira tiriliyan 6, ga kuma ayyuka sama da 13,000 da aka yi watsi da su ko aka yi su rabi da rabi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Tamu hukumar jaririya ce, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma talakawa muna da namu ramin. A shirin rancen noma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 an fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. Wasu fari ko ambaliya ta cinye su, wasu an kawo musu taki bayan an yi huɗa. Amma wasu mun san su, da gangan suka ƙi biya, suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa. Wanda ya ci rance ya ƙi biya, ƙanensa ya rufe wa ƙofa.

Darasi biyu daga nesa

A 1970 ƙauyukan Koriya ta Kudu suna cikin talauci, gidajensu na jinka ne kamar namu. Gwamnatin Shugaba Park ta aika wa kowane ƙauye, su kimanin 33,000, buhun siminti 335, ta ce mutanen gari su zauna su zaɓi aikin da zai amfani kowa, su yi shi da hannunsu. Da shekara ta zagayo aka bi aka duba. Kimanin rabin ƙauyukan sun yi abin kirki, sai aka ƙara musu buhu 500 da tan ɗaya na rodi. Waɗanda suka yi wasa ba a ƙara musu komai ba, sai da suka ga maƙwabta sun wuce su suka tashi da kansu. Jama'a ne suka zaɓi aiki, an bi sawu, kuma ƙari ya tafi ga wanda ya yi ƙoƙari ba tare da an duba wa ya sani ba.

A Indiya kuma, masu shanu na garin Anand suka haɗa ƙungiya a 1946 don su kuɓuta daga 'yan tsakiya. Mace mai saniya biyu ta kawo madararta da safe, a auna, a biya ta. Daga 1970 gwamnati ta sa kuɗi a wuraren sanyaya madara da motocin ɗaukarta da likitocin dabbobi, ta bar ƙungiyoyin a hannun masu su. Kafin shekara ta 2000 Indiya ta zama ƙasar da ta fi kowace samar da madara a duniya. Ku tuna da wannan duk ranar da kuka ga Bafulatana ta yi tafiyar awa biyu da ƙwarya a ka, nonon ya tsinke kafin la'asar.

Inda ya kamata a shuka

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Gwamnati ta sa kuɗinta a abin da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba, ta bar wa mutane abin da suka fi ta iyawa. Ba ta iya ɗinki ba, ba ta iya awara ba, ba ta iya cinikin shanu ba. Amma babu telan da zai iya jawo wuta daga Kano, babu manomin da zai iya yashe madatsa.

Ruwa shi ne kan gaba. A yashe ƙananan madatsanmu, a ja musu magudanai, a kafa ƙungiyar masu shan ruwa a kowane yanki, su riƙa tara ɗan kuɗin gyara kowace kaka. A sauƙaƙa wa manoman fadama injin sola a biya kaɗan-kaɗan, tunda fetur ya gagari talaka. Duk kadadar da ta sami ruwa a rani ta riƙe samari a gida, daga mai shuka har mai tsinka da mai lodi.

Sai wuta da sarrafawa. Waken suyarmu da masararmu suna fita a buhu, su dawo mana a matsayin man girki da abincin kaji, ribar da ke tsakani kuma ta zauna a birni. A keɓe fili kusa da manyan kasuwanninmu, a kai masa wuta mai tsayawa da ruwa da hanya, a ba masu injin casa da matsar mai da niƙa da walda haya mai sauƙi. Za su zo da kansu, ɗan kasuwa ba a yi masa gayyar riba.

Sai hanyoyin karkara da rumbunan ajiya. Babban titi yana da amfani, amma buhu daga gona yake tasowa. In ƙaramar gada ta karye a damina, manomi ya sayar da kayansa yadda mai mota ya ga dama. In kuma babu wurin ajiya ga bashi a wuya, ya sayar da rahusa a kaka, ya dawo ya sayi hatsinsa da tsada a bazara. Tun zamanin Annabi Yusufu, alaihis salamu, aka san ajiyar hatsi aikin hukuma ne.

Iyayenmu mata, ku ne masana'antar da ba a ƙirgawa. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, awara, daddawa, turara shinkafa, kiwon awaki da kaji, duk a cikin gida ake yin su. Kun daɗe kuna adashi ba tare da lauya ko ɗan sanda ba, kuma ba ya karyewa. Rancen gwamnati ya bi ta ƙungiyoyinku da suka riga suka san juna, ya zo kafin lokacin da ake buƙatarsa, kuma kada a sa masa ruwa.

Makarantar Kabo kuwa, darajarta ba ta tsaya a girman ƙofarta ba. Muna so ɗalibinta ya iya haɗa sola da gyara ta, ya iya ƙera injin sussuka, ya iya auna ƙasa da ruwa. In madatsar da ke kusa da makarantar ta cike da yashi, malamai da ɗalibai suna wucewa ta gefenta kullum, to karatun bai sauko ƙasa ba tukuna.

Kada kuma mu manta da tsaro. Mun ga abin da ya sami maƙwabtanmu a Katsina da Zamfara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu tsagar da ta fi saurayi mai ƙarfi da ya wayi gari ba abin yi.

Namu aikin

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwarzo tana da mazaɓu goma, Kabo tana da goma. Ina roƙon kowace mazaɓa ta zauna, da dagaci da liman da mata da matasa da makiyaya, ta rubuta ayyuka uku da suka fi mata muhimmanci, a jera su bi da bi. Wannan takarda a kai ta ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da sabuwar hukumar raya yanki. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a a miƙa masa kwafi kafin ya miƙo taliya da atamfa.

Ɗalibai, ga naku. Kuɗin da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana buga shi a intanet wata-wata. Kasafin jiha da na tarayya ma suna nan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani, ta amsa cikin kwana bakwai. Wayar da ke hannunku ta isa wannan aiki. Ku nemo alƙaluman, ku mayar da su Hausa, ku karanta wa iyayenku a dandali da majalisa. Duk aikin da aka kawo garinku ku yi tambaya huɗu cikin ladabi: nawa ne kuɗinsa, wa aka ba, yaushe zai gama, wa zai gyara in ya lalace?

Masu hannu da shuni na wannan yanki da ke Kano da Abuja da Legas, da ruwan ciki ake jan na rijiya. In ku ba ku kafa injin casa ɗaya a garinku ba, baƙo ba zai kafa ba.

Iyayenmu sarakuna, ku ne ba ku sauka bayan shekara huɗu. Ku riƙe lissafin duk kayan gwamnati da ke ƙasarku, mai aiki da wanda ya mutu, ku riƙa tuna wa duk wanda ya hau.

Shugabanninmu na siyasa, Allah ya ba ku dama a wannan zamani. Audu Bako ya bar mulki tun 1975, amma duk wanda ya ci shinkafar Kura yana cin abin da aka shuka a zamaninsa. Wanda ya raba kekunan da na gani a bakin ƙofa kuwa, ko yaron da ya karɓa ba na jin yana tuna shi.

Jama'a, kuɗi yana tafe, da yawa ko kaɗan. In ya iso, a taimaki mai yunwa da abin da ya sauwaƙa, amma a rataye damin iri inda hannu ba zai kai ba. Bayan shekara uku, in Allah ya ba mu rai, mu haɗu a tashar Gwarzo bayan girbi mu ƙirga motoci.